Liƙin Baba Barmo

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Gangara ya san rumfar mahaifina, ko idonsa bai gan ta ba hancinsa ya kai shi. Warin ƙonanniyar roba ke tarbar mutum tun daga wajen masu awaki. Baba Barmo ake ce masa, sana'arsa liƙin roba. Bokiti, buta, bidon ruwa wato jarka, kwanon cin tuwo, duk abin da ya tsage wajensa ake kai shi. Ƙarafa uku yake cusawa cikin gawayi, in ɗaya ya yi ja ya zaro shi, ya ɗora ɓallin roba kan tsagar, ya bi da ƙarfen har ta narke ta kama. Shekara ashirin da 'yan kai yana wannan aiki, ban taɓa jin an dawo masa da liƙi ba.

Yana da sirrinsa, kuma yana ji da shi ba kaɗan ba. Sauran masu liƙi da kowace irin roba suke yi, kwana biyu ta ɓalle. Shi kuwa gareji-gareji yake bi yana tsintar matattun baturan mota da na sola. Ya fasa su a bayan ɗakinmu, ya tuttular da ruwan, ya yayyanka baƙar robar jikinsu siri-siri. Ya kan ɗaga ɗaya ya ce wannan ko raƙumi ya taka ba ta saki. Makiyaya daga wajen Tarka sukan wuce masu liƙi biyu su zo wurinsa, shi kuma ya yi ta gyaran murya kamar ba komai ba.

Ni ce Ruƙayyatu, sunan uwarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Mijina Sani yana ci-rani a Aljeriya, shi ya sa nake zaune gidan Baba da 'yata Zuhaira, mai shekara uku. Tsakanin tsohon nan da yarinyar nan sai Allah. Amaryarsa yake ce mata, ita kuma ta ce ba ta son miji mai tari.

Tana da wani ɗan kwanon roba ruwan ɗorawa, ba ta shan kunu sai a ciki. Ranar da ya tsage na ɗauka zan jefar, Baba ya fizge shi daga hannuna.

"Kwanon amaryata za ki yar ina raye?"

Ya zaɓi mafi kaurin baƙar robarsa ya liƙe shi ciki da waje, har sau biyu. Kullum da safe na zuba mata kunu da zafinsa a ciki, in ta shanye ta zauna tana gwaguyar liƙin da haƙoranta. Daga nan sai bayan ɗaki, inda yake fasa batura, ta yi ta wasan ƙasa. Ni da idona nake gani, ban taɓa cewa uffan ba.

Bayan kaka ta fara ƙin abinci. Sai ciwon ciki, sai kwana uku ba ta fita bayan gida ba, sai kukan da ba dalili. Na ba ta maganin tsutsa, na jiƙa mata sassaƙe, an yi mata rubutu. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne bakinta. Yarinyar da ke cika gida da surutu ta koma nuni da yatsa, ko sunana ta daina kira. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Na goya ta zuwa gidan likita. Majon wurin, wato babbar ma'aikaciyar jinya, Madam Radiya, ta duba idonta da dasashinta, ta yi ta jero mini tambayoyi har na fara ƙosawa. A me take ci? Ina take wasa? Wace sana'a ake yi a gidan? Da na ambaci batura sai ta ajiye bironta.

"Ni ba ni da abin aunawa a nan," in ji ta. "Ki kai ta Damagaram a ɗibi jininta. Amma tun yau kada ta ƙara cin komai a kwanon nan, kada ta ƙara taka bayan ɗakin nan."

Na ce wa Baba awon jini ne kawai za a yi, na hau mota. Da takardar awon ta fito na dawo da ita Gangara, Madam Radiya ta karanta mini ita a hankali. Dalma ce a jinin yarinyar, irin wadda ke cikin batur. Ta ce ba za ta iya rantsewa ko daga kwanon ne ko daga ƙasar ba, mai yiwuwa duka biyun. Ta ce ko ba batur, robar da aka narka ba abin zuba abinci mai zafi ba ce, kuma hayaƙin nan shi ke cin ƙirjin tsohon. Za a kwantar da Zuhaira a Damagaram a ba ta magani.

Ina da zuciya, kowa ya sani. Tun daga ƙofar likita har gida maganganu nake shiryawa, kowace ta fi 'yar'uwarta zafi. Na tarar da Baba a zaure yana fifita gawayi.

"Uwata, me suka ce?"

"Sun ce kai ne, Baba. Baturanka ne. Liƙinka ne ya shiga jininta."

Har yau in na tuna yadda na faɗe ta sai na ji kunyar kaina. Bai yi musu ba, bai ce likitoci ba su san komai ba, kamar yadda na zata. Maficin ya tsaya a hannunsa.

"Kwanon nan?" ya ce. "Wanda na yi mata sau biyu?"

Duk sauran maganganun da na shirya suka bi iska, na ga tsoho ne kawai zaune gaban wuta, wanda bai taɓa nufin kowa da sharri ba.

Washegari da kansa ya je wajen Madam Radiya ya tambayi yadda zai yi. Ya dawo ya ɗaure hancinsa da rawani, ya kankare ƙasar bayan ɗakin nan kaf, ya loda a amalanke ya kai nesa da rijiyoyi ya binne. Mu kuma muka tafi Damagaram.

A can labari ya iske ni. Wai ranar kasuwa Baba bai hura wuta ba. Ya zauna a rumfarsa yana tare mutane ɗaya-ɗaya, yana cewa duk wanda ya liƙa wa kwanon ci ko bidon madara da baƙar roba ya daina amfani da shi. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce tsufa ne. Wani makiyayi mai suna Rissa ya zazzage shi tas a bainar jama'a, don 'ya'yansa shekara biyu suna shan nono daga bidon da Baba ya liƙe. Baba ya sunkuyar da kai ya saurara har ƙarshe, sannan ya kwatanta masa ƙofar Madam Radiya.

Kwana goma sha shida muka yi. Cikin Zuhaira ya lafa, ta fara karɓar abinci. Game da maganarta likitan Damagaram bai yi mini alkawari ba, ya ce mu bi ta a hankali, mu riƙa dawowa awo.

Da muka sauka daga mota Baba yana tsaye a ƙofar gida, ya rame, hannayensa biyu a bayansa. Zuhaira ta gan shi ta miƙa hannu. Ya ja da baya.

"A'a, Uwata. Riƙe ta. Na wanke da toka, na wanke da sabulu, amma ban yarda da hannun nan ba."

"Zauna, Baba."

Ya zauna kan dakali. Na kwance goyon na ɗora masa ita a cinya. Ba ta ce komai ba, ta kwantar da kanta a ƙirjinsa. Shi kuwa ya ɗaga hannayensa sama, nesa da jikinta, hawaye na bin gemunsa. Na jira ya sauke, bai sauke ba. Sai na kama su ɗaya bayan ɗaya, na ɗora a bayanta, na danne da nawa.