Yajin Matuƙa a Zauren Inna Kande

Wani mafarki na yi jiya da dare, kuma shekara goma sha tara ke nan ina tuƙin jirgin sama ban taɓa yin irinsa ba.

Na gan ni a filin jirgi da safe, cikin kayan aiki, ana ruwa. Daga ƙasa ruwan yake tsirowa yana tafiya sama, saboda haka kowa ya kife lemarsa ya tsaya a ciki. Ban yi mamaki ba. Na naɗe ƙafar wando na wuce ofishin biya, don ranar albashi ce.

Mai biyan albashin kuwa wata akuya ce, ja, sanye da tabarau. Ta miƙo mini ambulan. Na buɗe, sai ga ɗan guntun girgije, bai kai dunƙulen fura ba.

"Hajiya, irin na shekara shida da suka wuce ne fa," na ce. "Ko gishiri ba ya saya yanzu."

"Riƙe shi da kyau, Kyaftin Dantala," ta ce. "Shi ne na ƙarshe. Ba ka duba allo ba?"

A jikin allon an manna sanarwa. Daga ranar Litinin kamfani ya ba da tuƙi kwangila. Za a ɗauko matuƙa na haya daga waje, mu matuƙan kamfanin arba'in kuma an gode mana.

Sai ga mu a ofishin Manaja, ni da Kyaftin Uwani, shugabar ƙungiyarmu, wata gajerar mace da ta taɓa sauke jirgi da inji ɗaya ba ta ko ɗaga murya ba. Manaja bunsuru ne mai kwat da laktaya, kuma akwai shi da fara'a. Uwani ta karanta masa buƙatunmu: a ƙara albashi, a janye kwangilar, a bar matuƙi ya yi barci tsakanin tafiya da tafiya.

"Duk na yarda," ya ce. Ya sa hannu a takardar, ya buga hatimi, sannan ya cinye ta.

Uwani ta zaro wata daga jaka. Ya sa hannu, ya cinye. Ta uku har da ɗan ƙarfen da aka maƙale ta da shi.

"Ranka ya daɗe, ina yarjejeniyar?" na tambaya.

"Ni dai na sa hannu," ya ce yana tauna. "Abin da ya biyo baya tsakanina da cikina ne."

Uwani ta miƙe. "To mun yi yaji."

A ƙasar mafarkin, yajin aiki yaji ne sosai, irin na matar aure. Sai ka ɗaure kayanka ka tafi gidan iyaye, kuma ba ka komawa sai an zo biko. Muka ɗora jakunkunanmu a ka, mu arba'in, muka bi titin jirgi a ƙafa har ƙarshensa, inda gidan Inna Kande, mahaifiyar Uwani, yake. Ta leƙo ta ƙare mana kallo.

"Dukanku ya ɓata wa?"

"Dukanmu, Inna."

"To ku shigo. Amma a gidan nan ba a zaman banza."

Ta juye mana buhun gyaɗa a zaure, muka zauna muna ɓara.

Litinin ta zo kai tsaye bayan Alhamis. Muka hau katanga muna leƙen matuƙan haya. Shamuwoyi ne, dogaye, an ɗora musu hulunanmu. Suka shiga jirgin da na saba kaiwa Maiduguri, da fasinja ɗari da ashirin a ciki. Jirgin ya yi gudu, ya ɗaga, ya tashi lafiya ƙalau, ko girgiza bai yi ba. Na tuna 'ya'yana huɗu, na tuna ban iya wata sana'a ba. Na sauko daga katangar na koma kan gyaɗa, ban kalli kowa ba.

Ba a jima ba tsohuwar rediyon Inna da ke rataye a ƙusa ta yi gyaran murya.

"Salamu alaikum. Akwai matuƙi a gidan nan?"

"Akwai arba'in," in ji Uwani. "Wa ke magana?"

"Lantana ce, babbar shamuwa. Mu ruwan sama muke bi, haka muka gada. Ruwan nan kuwa sama yake tafiya, mun wuce girgije na bakwai. Dillalin da ya kawo mu tashi kawai ya koya mana. Ya ce sauka ba ta cikin kwangila."

A bayan muryarta muna jin kukan jariri da salatin mutane.

Kyaftin Barau, wanda ya girme mu duka kuma ya fi mu zafin rai, ya dafe rediyon. "Kada kowa ya amsa. Manaja ya zo ya durƙusa tukuna. Yau ce ranar da muke jira."

Wasu suka gyaɗa kai. Ni ma, in faɗi gaskiya, kaina ya fara gyaɗuwa.

"Yaya Barau, ɗage hannunka," Uwani ta ce. "Da Manaja muke rigima, ba da jaririn nan ba. Dantala, jirginka ne. Sauko da su."

Na ja rediyon gabana, hannuna duk ɓawon gyaɗa.

"Gwaggo Lantana, me kike gani a gabanki?"

"Agoguna barjat, babu wanda ya yarda da lokacin ɗan'uwansa."

"Bar su. Dubi na hagu, mai ja. Ina allurarsa take?"

"Ta kwanta."

Mai ke nan ya kusa ƙarewa. Ban gaya mata ba. Na ce ta tura sandar da ke gabanta a hankali.

"Ba ni da hannu, ɗana."

"Tura da baki."

Haka muka yi ta yi, girgije bayan girgije. In ta tsorata sai ta buɗe fukafukai cikin ɗakin tuƙin, in ce ta naɗe su. Barau ya daɗe yana huci a gefe, can sai na ji shi a kafaɗata yana lissafa mini nisa da tsawo daga ka, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Muka hango jirgin kamar ƙuda, ya zama kamar tantabara, sannan tayoyinsa suka taɓa ƙasa. Ya gangaro, ya gangaro, ya zo ya tsaya da hancinsa cikin ƙofar zaure.

"A ja shi baya kaɗan," in ji Inna. "Ya tare mini hanya."

Fasinjoji suka sauko suna kuka suna rungumar mu. A ƙarshe shamuwoyin suka fito. Lantana ta cire hular ta ajiye a gabana.

"Kwaɗo ɗaya ake ba mu a kowace tafiya," ta ce, "shi ma dillali ya cire cinyoyin. Akwai sauran wuri a yajin nan?"

Inna ta shimfiɗa musu tabarma.

Da la'asar Manaja ya zo biko, da ƙullin goro, ya cire takalma huɗu a bakin ƙofa. Fasinjoji ɗari da ashirin suka kewaye shi. Ya durƙusa gaban Inna.

"Kai ne ka kore mini 'ya'ya?"

"Kuskure ne, Inna. Ga takarda na zo da ita, in sa hannu yanzu."

"Mai da ita aljihu, ka ci a hanya," Uwani ta ce. Ta sa aka kawo bokitin fenti.

A jikin jirgin muka rubuta yarjejeniyar, daga hanci zuwa jela, kowane harafi ya kai tsawon mutum. Albashi ya ƙaru, kuma da kuɗi za a biya, ba da girgije ba. Babu sauran dillali. Shamuwar da ke son aikin za a koyar da ita tashi da sauka, a ɗauke ta ma'aikaciya, albashinta daidai da namu. Barau ne ya nace a sa wannan na ƙarshen. Manaja ya tsoma kofato a fenti ya danna a ƙasa. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya kai wa fiffiken jirgin cizo. Muka ji haƙorinsa ya ce ƙas.

Matan unguwa suka rangaɗa guɗa. Aka rako mu da kiɗa har bakin matakala.

Sai ga ni a kujerata, Gwaggo Lantana a kujerar dama da littafin koyo a baki, fasinjojin Maiduguri sun koma wurarensu. Muka tashi. Duk garin da muka ratsa, mutane sai su fito su ɗaga kai suna karanta jikin jirgin da ƙarfi, muna jin su har ciki. Na ƙara wuta. Injin ya ɗauki ruri mai daɗi, yana ƙaruwa, yana ƙaruwa, har kujerar ta fara rawa.

Na buɗe ido. Injin markaɗen maƙwabta ne, an tayar da shi ana niƙa wake. Matata Hansatu na tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu.

"Tashi mana. Ba ka ce zamanku da shugabannin kamfani ƙarfe goma ne ba?"

Mako uku ke nan tsoron wannan zama ya hana ni cin abin kirki. Yau ƙosai tara na ci kafin na fita.