Majinyacin Roba

A wajen facin taya Likita suke kiransa, tun ranar da ya zo aiki da farar riga a ƙunshe cikin leda. Bai taɓa amsa sunan da daɗin rai ba, don ya san abin da su ba su sani ba: a makarantar koyon aikin jinya, in aka kafe sakamako, daga ƙasa yake fara neman sunansa, kuma ba ya daɗewa yana nema. Da safe aji, da rana taya. Karatu sai ɗan abin da ya samu tsakanin mota da mota, littafin duk shatin baƙin yatsa. A jarrabawar rubutu da rarrafe yake hayewa. To ga shi yanzu ya faɗi ta gwaji, wadda ake yi da hannu a gaban malama.

Faɗuwar ma abin dariya ce, in ba kai ta samu ba. An kwantar da mutum-mutumin roba a gado, aka ce ga majinyaci nan, a yi masa allura. Likita ya wanke hannu, ya zuƙi magani, ya mirgina majinyacin da hannu ɗaya. Ya danna cinyar da babban yatsa kamar mai jin ko iska ta isa, ya soka. Ko sannu bai ce ba. Da ya gama sai ya ɗaka wa cinyar duka, ya ce, "Shi ke nan, a ja."

Aji ya kwashe da dariya. Sista, malamar gwajin, ko murmushi.

"Kai, mota ka sallama ko mutum?" ta ce. "Hannunka ba laifi. Amma wanda ba ya magana da majinyaci ba ya fita daga hannuna. Dama ɗaya ta rage maka. Ka sake faɗuwa, sai ka tattara littattafanka."

Da rana ya koma bakin aiki fuska a murtuke. Oga, mai rumfar facin, ya matsa masa har ya ba da labari. Oga ya yi dariya sai da ya riƙe ciki, ya share hawaye da tsumman mai.

"Ai ba laifinka ba ne, yaro. Duk robar da ka taɓa a duniya ba ta da baki. Kawo benci."

"Na me, Oga?"

"Ni ne maras lafiyan. Ka samu mai baki yau."

Ya miƙe a kan benci, ƙaton cikinsa a sama, ya rufe ido yana nishi. Biro marar tawada ya zama allura. Likita ya kai hannu zai juya shi.

"Wayyo jama'a, ya kashe ni!" Oga ya ƙwala ihu, har masu wucewa suka tsaya. "Wa ya ce ka taɓa ni? Ka gaishe ni? Ka tambaye ni?"

"Sannu, Baba."

"Sannun nan ta ƙanƙance. Kamar da kuɗi kake sayenta."

Haka suka yi ta yi kullum in motoci sun lafa. Dokar Oga ɗaya ce: ba a taɓa shi sai an tambaya, kuma sai ya amsa. Amsar kuwa ba ta zuwa da sauri. Sai ya yi ƙorafin baya, ya yi na gwiwa, ya kawo na surukinsa. Wani direba ya tsaya da tayar da ta sace, ya gan su, ya ce, "Lafiya dai?"

"Asibiti ne," in ji Oga daga kwance. "Bi layi."

Ranar sake gwaji Likita ya goge farce har sai da suka yi zafi. Ya shiga, ya yi sallama a bakin gado, ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya kawo shi.

"Baba, allura zan yi maka a cinya. Ka yarda in juya ka?"

Sai ya tsaya, hannu a baya. Fanka na juyawa, 'yan aji na kallon juna. Sista ta ɗago.

"Me kake jira?"

"Bai amsa ba, Sista."

Wata a baya ta tuntsire. Likita ya tabbata ya sake kwafsawa. Sista ta dube shi, ta dubi mutum-mutumin, ta toshe baki da bayan hannu. Can sai ta kauda kai, ta shaƙe murya irin ta tsofaffi.

"Na yarda, ɗana. Amma a hankali, ƙashin ya tsufa."

"A hankali zan bi, Baba."

"Da zafi?"

"Kaɗan. Ka ja numfashi, kafin ka sauke na gama."

Ya gama, ya gyara masa kwanciya, ya ja mayafi ya rufe shi. Sista ta dawo da muryarta.

"Ka ci. Ba da yawa ba, amma ka ci. Rubutunka ne har yanzu yake ciwo. Duk Asabar ka zo, ina zama da irinku."

Asabar kuwa ita ce ranar da motoci suka fi yawa a rumfa. Da ya gaya wa Oga, sai Oga ya ajiye sufana ya ɓata rai.

"Wato na warkar da kai, za ka gudu ka bar ni da tayoyi." Ya yi ƙwafa, ya sosa ƙeya. "Je ka. Amma ranar da ka zama babba, ni ba na bin layi. Me za ku koya nan gaba? In shirya."

"Yi wa majinyaci wanka a gado."

Oga ya dubi bencin, ya dubi titi cike da mutane.

"A'a. Wannan kam ka nemi wani."