Lambar Mijin Kaka Da Tsumman Goge Ta

Jama'ata, ya garin? Ku gyara zama, na zo muku da wani labari.

Wata tsohuwa ce, kowa Kaka yake ce mata. Mijinta ya rasu ya bar mata lambar yabo ta soja guda ɗaya. Ita kuma ƙanwar mijin kullum yawo take da zancen wai yayanta ko bindiga bai taɓa riƙewa ba, wankin kakin sojoji yake yi, lambar ma a aljihun wani ya tsinta. Abin ya ishi Kaka. Ta naɗe lambar a tsumman da take goge ta da shi, sai shagon mai tantance tsofaffin lambobi, wanda ake kira Ido Huɗu, don ta samo takardar shaida ta toshe bakin matar nan.

Ido Huɗu ya ɗora ta a sikeli, ya kara mata maganaɗisu, ya leƙa ta da gilashinsa. Gaba sumul, baya sumul, kamar gindin cokali.

"Iya, me kika yi wa abin nan?"

Kaka ta ce kullum da safe take goge ta da toka, shekara arba'in da uku ba fashi, don kar a ce lambar maigidanta ta dushe. Mutumin ya dafe kai. Ya ce ai wannan dauɗar da take kankarewa ita masu saye ke rububi, yanzu kam marfin kwalba ma ya fi ta hujja.

Ya ɗauki tsumman zai share zufa, sai ya yi turus. Ashe rubutun duk ya koma jikin tsumma: sunan marigayi, lambar aikinsa, har bataliyarsa, a juye. Da madubi ya karanta. Ya ce tsumman nan na asali ne, ta dawo da shi gobe tare da ƙanwar mijin, a buga hatimi a gabanta.

A gida Kaka ta ƙare wa tsumman kallo. Baƙi ƙirin. Wannan za ta shimfiɗa a gaban mai bakin nan, a ƙara mata da sunan ƙazama? Ta jiƙa shi, ta dirje shi da sabulu, ta bi shi da guga.

Washegari ta baje shi a tebur, fari tas. Ido Huɗu ya dube shi, sannan a hankali ya tambaya ina ta zubar da ruwan wankin.

Yanzu haka yana durƙushe a bakin kwata da gilashinsa, ya ce ya ga harafi biyu sun wuce. Ƙanwar miji na tsaye a kansa, ta ce, "Ba na faɗa ba? Gidan nan dai wanki aka iya."

To ku, tsakani da Allah, da ku ne Kaka, da dattinsa za ku kai shi?