Iyakar Gona a Cikin Kwamfuta

Karo na biyar ke nan Abdulgafar yana danna maɓallin kunna kwamfutar. Fankoki su yi wuu, 'yar jar fitilar da ke jikin madabod, babban faranti na cikin injin, ta kama, allo kuwa baƙi ƙirin. Ya kashe, ya yi bisimilla da ƙarfi kamar ita ma za ta ji, ya sake dannawa. Ko gezau.

Ƙarfe ɗaya saura kwata, ranar Afrilu ta kwanta a kan kwanon shagon, rigarsa ta manne da bayansa. Ƙarfe biyu Agatha za ta zo karɓar bidiyon mahaifinta. Bayan la'asar kuma dattawan gidansu za su zauna a nan cikin Kontagora, inda rashin tsaro ya tara su, don a raba gardamar gona.

A watan Nuwamba ne Agatha ta ɗauke shi aiki suka je wajen Beri da rana tsaka, a gurguje, kowa yana waige. Mahaifin nata, Baba Haggai, ya san jikinsa ya ƙi, shi ya sa ya ce a ɗauke shi a kyamara yana zaga gonarsa yana nuna rabon kowa. Cikin Fabrairu ya rasu. Ko wata biyu ba a yi ba ƙanensa Yohanna ya ce shi bai san an ba wata 'ya mace gona ba. Agatha ba ta da takarda, ba ta da wani namiji da zai tsaya mata. Bidiyon nan kaɗai gare ta, shi kuma yana cikin wannan akwatin da ya ƙi tashi.

Gaskiya dai Abdulgafar ya iya ɗaukar hoto, amma ƙarambani ya yi masa katutu. Wasu tattabaru suke kiwo, wasu ƙwallo, shi nasa ciwon ram ne, 'yan sandunan nan biyu da kwamfuta ke riƙe aiki a cikinsu. Masu ƙera su sun rubuta gudun dubu uku da ɗari biyu a jiki, shi ya ce ai tsoro ne ya hana su faɗin gaskiya. Tun Disamba, duk tsawon hunturu, yana cikin bayos, shafin da ake saita injin tun kafin ya tashi, yana ƙara gudu, yana matse lambobin jira ɗaya bayan ɗaya, yana ɗan ƙara musu wuta, har ya kai su dubu uku da ɗari takwas. Ya gwada, ba kuskure ko ɗaya. Ranar har tsire ya saya wa maƙwabta.

Abin da ya manta shi ne, a sanyi ya yi gwajin. Da zafi ya shigo sai injin ya fara 'yan halaye, yau ya daskare, jibi allo ya yi shuɗi. Yau da safe da ya sake yi, maimakon Malam Abdulgafar ya sassauta, sai ya ce wuta ce ta yi wa ram kaɗan, ya ƙara. Daga nan ne bai ƙara ganin komai a allo ba.

Abdulfatahi, mai gyaran waya na shagon kusa, ya leƙo yana fifita da kwali.

"Injiniya, yau kuma jirgin ya ƙi tashi?"

"Don Allah ka ƙyale ni."

"Cire ɗan batirin nan na jikin madabod mana, kwamfutar ta manta komai ta dawo yadda uwarta ta haife ta."

"Ka san wata nawa na yi ina saita ta? Lamba ta fi talatin, ko ɗaya ban rubuta ba."

"To zauna ka yi ta kallonta," in ji Abdulfatahi, ya koma shagonsa yana dariya.

Kuma zaman ya yi, ko in ce zirga-zirga. Ya zare ram ɗin ya hura, ya goge bakinsu da gefen riga, ya mayar. Ya gwada da guda ɗaya. Ya juyo da fankar tebur ya saita ta cikin akwatin. Ya fita ƙofar shago ya duba titi, ya dawo. An kira azahar, ya yi salla a masallacin layi, amma Allah na gani rabin hankalinsa na kan madabod. Awa guda ya ƙona don kawai kada ya taɓa batiri mai girman kwabo.

Biyu saura minti goma ya haƙura. Ya zare wayar wuta, ya sa farce ya ɓalle batirin, ya ƙirga sittin, ya mayar. Da ya kunna, allo ya kawo haske nan take, kamar ba ita ba. Aikin wata uku ya tafi, ya ji zafin abin har cikin ransa, amma ya ce alhamdulillahi.

Yana buɗe jakar aikin Beri a kwamfutar Agatha ta yi sallama. Doguwa ce, mai sayar da hatsi a kasuwa, zanenta duk ƙurar dawa. Ba ta ko zauna ba.

"Malam Abdulgafar, sannu da aiki. An gama?"

"Yanzu zan zuba miki bidiyon a filas ɗin kwamfuta, Maman Hannah. Ga kujera."

"Bari in gani tukuna. Tun da aka binne shi ban ji muryarsa ba."

Ya kunna. Ga Baba Haggai da sandarsa da hular sanyi, yana tafe cikin karan dawa yana magana da Kambarci, a hankali, yana tsayawa ya huta. Agatha ta zauna ba ta sani ba, ta toshe baki da gefen mayafi. Tsohon ya nuna rabon babban ɗansa, ya nuna na ƙaramin. Sannan ya juya ya nufi wata ɗorawa, Agatha ta cikin hoton tana biye da shi.

"Nan ne," in ji ta. "Yanzu zai faɗa."

Sai hoton ya farfashe. Fuskar tsohon ta zama 'yan murabba'ai kore da ja, muryarsa ta koma ƙara kamar ana jan kwano a siminti. Suna kallo lokaci yana tafiya a ƙasan allo. Da hoton ya dawo daidai, Baba Haggai yana zaune a kan kututture yana shan ruwa, an gama.

Abdulgafar ya matso kusa da allo. Ya mayar baya, haka. Ya buɗe da wata manhajar, haka. Ya jawo durowa yana neman memorin kyamara, alhali ya san bikin aure nawa aka ɗauka a kansa tun Nuwamba, ana goge na baya. Sai ya tuna makon jiya, ranar da zafi ya fi na yau, ya kwashe duk ayyukansa daga tsohon faifai zuwa sabo, injin ya daskare sau biyu, shi kuma da ya ga sunayen sun cika sai ya goge tsohon. Duk abin da aka kwafa ta cikin ram ɗin nan ya bi.

Abdulfatahi ya sake leƙowa, ya ga allo, ya ga fuskokinsu, dariyar ta ɗauke.

"Ayya, Madam, wuta ce," ya ce da sauri. "Yadda suke kawowa suna ɗaukewa, ba abin da ba ta ɓatawa. Ko jiya ta ƙona mini caja biyu."

Agatha ta gyaɗa kai, idonta ya cika. "Wutar garin nan," ta ce. "To ya za a yi? Haka Allah ya so."

Ta yarda, wallahi ta yarda, kuma duk Kontagora ba wanda zai musa. Abin da ya rage wa Abdulgafar shi ne ya yi shiru kawai. Ya kalli akwatin da ke buɗe, ya share zufa, ya ji kunya ta rufe shi tun daga ka har ƙafa.

"Ba wuta ba ce, Maman Hannah. Sola nake amfani da ita. Ni ne na tilasta wa injin gudun da ya fi ƙarfinsa, shi ya ɓata."

Abdulfatahi ya ja jiki ya koma shagonsa. Agatha ta daɗe tana kallon Abdulgafar, ba zagi, ba kuka, shi kuwa da zagin ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Ina wurin ai," ya ce. "Ni na riƙe kyamara. Zan je in ba da shaida."

"Kana jin Kambarci?"

Ban da gaisuwa, ba ya jin ko kalma ɗaya.

"To me za ka shaida?"

Ya runtse ido. "Ya dafa ɗorawa. Ya dafa kafaɗarki. Ya nuna rafi da sanda, ya ja layi a ƙasa. Sau biyu ya yi, don na farko rana tana bayansa, na roƙe shi ya sake. Wannan zan iya rantsewa a kai. Abin da ya ce kuwa, ban sani ba, ba kuma zan ƙara ko wasali ba."

"Baba Yohanna zai tambaye ka me ya ci wurin nan kaɗai a bidiyon. A gaban mutane."

"Zan faɗa musu yadda na faɗa miki."

"Ba lalle su karɓa ba."

"Na sani."

Ya zuba bidiyon a filas yadda yake, da ɓarnarsa. Ya kashe injin, ya ɗauki hula da makullin babur. Ya rufe shago ya sa kwaɗo. Agatha tana tsaye a rana tana jiransa, ta ɗaure filas ɗin a bakin zane.

"Malam Abdulgafar, in tambaye ka. Wannan gudun da ka ƙara mata, me yake rage maka?"

Ya so ya ce ba za ta gane ba. Amma ya auna, ya san amsar sarai.

"In aikin awa ɗaya ne, yakan rage minti huɗu."

"Minti huɗu," in ji Agatha.

Ta gyara zane ta hau bayan babur, shi kuma ya tayar, ya tambaye ta ta wace hanya za su bi.