Baiti na Uku

...kuma an rushe gidan man tsoho Purvis, an kafa shagon waya a wurin. Coci ya sha sabon fenti. Karen Baba ya mutu, ba wanda ya ga ya dace a gaya mini. Mama ta fara riƙe sanda. Shekara shida ina haƙar mai cikin ƙanƙarar Dakota, gari bai jira ni ba — da ma me zai jira?

Ke ma ba ki jira ba, Lorna. Kina can Nashville, birnin mawaƙa, muryarki kuwa tana ko'ina. Shagon aski, gidan abinci, kowace tashar rediyo mai sa kiɗan kantiri na mutanen karkara, mako bakwai ba waƙar da ta sha gaban taki. Gobe za ki zo gida, har an rataya ƙyalle da sunanki a bakin titi.

"Ga angon waƙa nan!" in ji Miss Opal mai gidan abinci tana zuba mini kofi. "Coy, ja'iri, ka sa yarinya kuka har duk Amurka ta ji." Kowa dariya. Ni ma dariya, har da gyara zama. Ai abin da ya dawo da ni ke nan. A motar kamfani na fara jin ta, hannuna duk baƙin mai... saurayin da ya kai ki bakin rafi, ya yafa miki rigar sanyinsa. Ni ne mana. Wa kuma? Rigar ma har yau ba ki dawo da ita ba. Washegari na ajiye aiki.

Baiti biyu na sani. Da an maimaita amshi na murɗa wata tasha — kin san halina, yaushe na taɓa jin abu har ƙarshe? "Coy, rage ƙarar nan, magana nake maka." Sau nawa kika faɗa? Sau nawa na rage?

Shekaranjiya yayana Harlan ya ɗauko ni daga tashar bas, a tsohuwar a-kori-kurarsa mai warin ciyawar shanu. Na miƙa hannu zan kunna rediyo. Tsit.

"Ta mutu tun shekarar da ka tafi."

"To ka gyara mana, tsoho."

"Na saba."

Harlan ke nan, kalma goma ta ishe shi wuni.

Ɗazu da safe a kicin, Mama tana suyar ƙwai, waƙar ta zo, hannuna yana cikin ruwan wanke-wanke, ba damar murɗawa. Baiti na uku. Goge ya yi ƙasa, jita ta ɗauke, sai ke kaɗai: wanda ya tafi ya bar mini riga, wanda ya zauna, motarsa ba rediyo, sai ya ce in rera masa har mu kai gida.

Har mu kai gida...

Wa yake kai ki wasan waƙa garuruwa duk Asabar, tun Nashville ba ta san sunanki ba? Mama ta rubuto mini. Ta rubuto, na karanta, na ce Allah ya saka wa Harlan. Da bakina! Awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, ba rediyo. Me kika rera masa? Waɗanda ban taɓa ji ba? Kin yi masa dariyar nan taki ta hanci idan baiti ya ɓace miki? Ya juyo ya kalle ki, ko titi yake kallo yana murmushi?

Mama ba ta ko waiwayo ba, ƙwan yana ƙonewa. Ta sani. Miss Opal fa? Dukansu baiti biyu suke ji irina, ko... tausayina suke yi?

Haushin ma ya ƙi zama daidai. Me Harlan ya ƙwace mini? Shiru kawai ya yi ya saurara. Abin da ni —

Safa, reza, wando biyu. Jakar da ma ban gama kwashe ta ba. Bas ƙarfe huɗu. Ga shi can a waje ya ta da mota, zai kai ni, bai tambayi dalili ba. Mil arba'in zuwa tasha, ni da shi da matacciyar rediyon nan a tsakaninmu.

Idan ya fara rera ta ƙasa-ƙasa fa?

Idan kuma ya yi shiru, yana jira ni in...