Motar Gawa Mai Siminti a Ciki

Gado Lado shi ne direban motar gawa ta unguwar Hausawa a Gadarif, ƙasar Sudan. Tsohuwar boksi ce mai buɗaɗɗen baya, wadda jama'ar masallaci suka haɗa hannu suka saya don a huta da ɗaukar makara a kafaɗa. Aikin ba wuya, fasinjan ba ya ƙorafi. Abu ɗaya ke cin Gado a rai: tafiyar hawainiya. Mutumin da ya ja lori a hanyar Bur Sudan a samartakarsa, yau ga shi jakin mai sayar da ruwa yana wuce shi, mai jakin har da yi masa ta'aziyya.

Wata rana ya kai motar canjin mai a garejin abokinsa makanike, Usta Mudi, ya tarar da shi yana shafa wani ƙarfe mai kama da katantanwa.

"Tarbo ke nan," in ji Mudi. "Daga wata arabiya na ciro, motar da ta kife. Yana tura wa inji iska har sai ya manta shekarunsa."

Gado ya dubi tarbo, ya dubi boksi. Kafin la'asar an ɗaura.

Suka fita gwaji a hanyar Gadambaliya. Motar ta yi wani kuka, ta zabura kamar an watsa mata barkono, Gado ya yi ihu irin wanda rabonsa da shi tun kafin ya yi aure. Can sai ƙara, sai hayaƙi. Gangar injin ta tsage kamar tulu. Tarakta ce ta jawo su gida, kuma Allah ya rufa asiri, ba wanda ya mutu a unguwa makon nan.

Mudi bai karaya ba. Ya samo wata gangar, ya kwaɓa siminti a tasa, ya ɗura shi cikin hanyoyin da ruwan sanyaya inji ke bi, ya bar kaɗan a sama.

"Usta, gini muke ko gyara?" Gado ya tambaya.

"Bangon gangar ne ya yi laushi, ya zol, mutumina. In siminti ya kama, ko aljani ka zuba a ciki ba zai fasa ba. Sai dai ka ji: ruwa ya ragu, zafi zai hau da wuri. Ka taka kaɗan, ka sassauta."

Gado ya ji rabin farko da kyau.

Damina ta kankama sai Alhaji Wada mai riɗi ya rasu da hantsi. Ya bar wasiyya a kai shi ƙauyensu bayan Doka, a kwantar da shi kusa da mahaifiyarsa. Aka yi masa wanka da salla, aka ɗora shi a bayan boksi, babban ɗansa Sale ya hau ya zauna kusa da makarar. Liman, Malam Jatau, dattijo mai sanyin magana, ya shiga gaba. Sauran jama'a suka cika bas biyu. Gabas kuwa ta yi baƙi ƙirin, kowa kuma ya san lakar ƙasar nan: in ta jiƙa, ko jaki sai ya bar kofato a ciki.

Matar mamacin, Hajja Batulu, ta leƙo daga ƙofa ta kira Gado.

"Ɗan nan, ka kai shi kafin ruwa. Duk zamana da shi bai taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba. Kada yau ma ya makara."

"An gama, Inna," in ji Gado, zuciyarsa fes.

Cikin gari ya tafi da ladabi. Suna hawa kwalta ya taka.

Rawanin Malam Jatau ya fara warwarewa. Gonakin dawa suka koma zare ɗaya kore. Malam ya dafe gaban mota da hannu biyu, ya fara addu'ar tafiya, ya bar ta a tsakiya ya koma kalmar shahada.

"Gado! Gawa ɗaya aka ce mu kai!"

"Umarnin Hajja ne, Malam!"

A baya Sale ya kwanta rub da ciki bisa mahaifinsa, ya rungume shi yadda bai taɓa yi ba yana raye. Suka wuce lorin shanu, suka wuce bas ɗin Doka da ya bar tasha tun safe. Allurar zafi ta hau ja. Gado ya cire hularsa ya rufe ta da ita.

Suna sauka kwalta yayyafi ya soma. Boksi ta tsallake lakar tun ba ta san an taka ta ba, ta shiga ƙauye da tururi, ta tsaya cak a gindin wata ƙirya, ta yi tari sau biyu, ta mutu.

Mutanen ƙauye suna zaune suna shan shayi. An yi musu waya, amma sun yi lissafin sai bayan la'asar gawa za ta iso, ko gatari ba a ɗauko ba. Haka Gado ya naɗe wando ya shiga haƙan kabari tare da su, ruwa na dukansu. Aka rufe Alhaji Wada da mutum goma sha wani abu. Bas biyun nan kuwa a laka suka kwana, 'yan rakiya suka yi jimaminsu da sauro.

Washegari Mudi ya iso a tarakta. Ya buɗe injin, ya daɗe yana leƙe, ya ɗago fuska cike da murna.

"Komai ya narke. Amma dubi gangar! Ko tsaga ɗaya babu!"

Da aka koma gari dattawan masallaci suka zauna a kan Gado. Wasu suka ce a karɓe makulli, wani ya ce ya wulaƙanta mamaci. Sale, wanda wuyansa bai juyu ba tukuna, ya ce shi a ganinsa a ɗaure Gado ma. Sai Malam Jatau ya yi gyaran murya.

"Gaggauta jana'iza sunna ce," ya ce a hankali. "Yaron ya dai cika ta da yawa."

Aka bar wa Gado makulli, bisa sharaɗin a cire katantanwar nan. Da aka watse, Malam ya tsaya neman takalminsa har kowa ya fita, sannan ya matso kusa da Gado.

"Lokacin da muka wuce bas ɗin Doka, nawa muke gudu?"

"Ban sani ba, Malam. Allurar gudu ta ƙure."

Malam ya gyaɗa kai, yana shafa gemu.

"Ka ce wa Mudi kada ya sayar da ƙarfen nan. Jibi ina da ɗaurin aure a Doka."