Ranar Buɗe Fili a Kilbrannie

Lambar zinare tana rataye a wuyan Morven Tulloch, hannayenta kuwa suna cikin ruwan wanke-wanke mai maiƙo, ɓawon burodin da wani ya tauna ya tofar yana yawo a kai.

Shekara tara ta yi tana wakiltar Scotland a wasan mirgina ƙwallo kan ciyawa. Ta buga a zafin Ostiraliya har leɓenta ya tsage, ta buga a Wales da karyayyen yatsa. A nan kulob ɗin Kilbrannie, inda ta koya, mata ba sa taka fili ranar Asabar, ranar da ba ta da makaranta, don haka tun tana 'yar shekara goma sha biyu sai ranar da maza suka gudu wa ruwan sama take samun wurin atisaye. Duk ta haɗiye. Bana shugaban kulob, Mista Dougal Kerr, ya rubuto mata cewa ita za ta jefa farar ƙwallon da ake buɗe kakar wasa da ita.

Ya leƙo kicin yana sakace da farce.

"Gwanarmu! Hanzarta da kofunan nan, baƙi sun iso."

"Mista Kerr, ƙarfe nawa zan fito jifa?"

"Af! Ai kwamiti ya zauna, 'yar nan. Matar shugaba ke jefa ta farko, tun kakanki bai yi gemu ba. Ke dai tsaya kusa da ita da lambarki, mai hoto zai zo."

"Matarka ba ta taɓa riƙe ƙwallo ba."

"Ke kuma sunanki ne a jerin masu shayi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Ya goge yatsansa da tawul ɗin kofuna, ya fita.

Tsohuwa Ishbel, wadda ta shekara arba'in tana yanka musu burodi, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Bar su, 'yata. Ni ma na taɓa cin gasar gunduma, ga ni nan."

A waje, matar shugaba ta wurga ƙwallon kamar mai korar kaza. Ƙwallon ta zarce, ta faɗa ramin ƙarshen fili. Mazan suka ɓarke da tafi, tumbinsu na rawa.

"Morven, ɗauko mana!" in ji Mista Kerr.

Ta dubi ciyawar da aka shekara ana lallashi, sumul kamar darduma. Ba a taka ta sai da takalmi mai shafaffen ƙasa. Ko limamin coci an taɓa korarsa daga kanta. Takalmin wasan Morven yana cikin jaka. Na ƙafarta na biki ne, mai tsinin dunduniya.

Ta ratsa ta tsakiya, a hankali, tana danna kowane taku, tsinin dunduniyar yana huda ciyawar. Tafin ya mutu. Ta sunkuya ta ɗauko ƙwallon, ta share ta da gefen riga, sannan ta zaɓi sabon layi ta dawo.